KAKAWO DA SANYIN HANNU: ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO

Kowace shekara, daga watan Disamba zuwa ƙarshen Janairu, idan iskar hunturu ta taso daga hamada ta lulluɓe ƙasa da hazo, hannu shi ne gaɓar da take fara kasawa a jikin ma'aikaci. Mai lambu da yake ban ruwa tun asuba a fadamun Maraɗi, da matar da take jan guga a bakin rijiya, da masunci a kogin Isa, da ɗan kabu-kabu da yake ratsa Damagaram kafin rana ta fito, dukansu sun san lokacin da yatsu suke ƙagewa har mutum ya kasa ɗaure igiya ko ƙirga kuɗi. A kudancin ƙasa, zafin iska da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15. A Bilma da tsaunukan Abzin kuwa, akwai daren da yake kaiwa sifiri ko ya wuce ƙasa.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda ɗari ya fi tsanani nesa ba kusa ba, kamfanoni suna sayar da wasu ƙwayoyi da aka tatso daga ƴaƴan kakawo, itacen nan da ake yin shokola da shi, wanda mutanen Nijeriya da Gana suke kira koko, ko da yake ba abin da ya haɗa shi da kokon gero na karin kumallo. Sinadarin da yake cikin ƙwayoyin sunansa filabanol, kuma an tabbatar yana taimaka wa hanyoyin jini su buɗe. Daga nan ne wasu suka yi tunanin cewa wanda ya sha su jini zai riƙa kai wa yatsunsa, hannunsa ya yi ɗumi, ya ci gaba da aiki cikin sanyi. Tun da yake yanzu talla ba ta san iyakar ƙasa ba, tana shiga kowane gida ta wayar hannu, ya kamata mai karatu ya san inda gaskiyar maganar ta tsaya kafin ya fitar da kuɗinsa.

DALILIN DA YA SA YATSU SUKE ƘAGEWA

Zafin cikin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, kuma zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta ba su jure a rage musu shi da yawa. Saboda haka, da zarar fata ta ji sanyi, ƙwaƙwalwa takan aika umarni ta jijiyoyi zuwa ga ƙananan hanyoyin jini na hannu da ƙafa, ta ce su tsuke. A kan yatsu da tafin hannu akwai wasu hanyoyi na musamman masu kama da ƙofofin madatsar ruwa. Lokacin zafi sukan buɗe, jini mai yawa ya bi ta cikinsu ya zubar da zafinsa a iska. Lokacin sanyi sai su rufe, har jinin da yake kaiwa kan yatsa ya kusa tsayawa. Wato jiki yana yin abin da maigida yake yi a shekarar da hatsi ya yi ƙaranci: ya rage wa na nesa domin na cikin gida su kai ga damina.

Idan jini ya ragu, hannu sai ya yi ta hucewa. Masu bincike sun auna sun ga cewa idan zafin fatar yatsa ya sauka ƙasa da digiri 15, aikin da yake son ƙwarewa, kamar sa zare a allura ko ɗaura noti, yakan fara lalacewa ƙwarai. Idan ya kai wajen digiri 8, mutum ba ya ƙara jin abin da ya taɓa. Abubuwa uku ne suke haɗuwa: saƙon da yake bin jijiya yakan rage gudu, ruwan da yake cikin gaɓoɓi yakan yi kauri kamar man shanu da safe, tsokar da take motsa yatsu kuma ta rasa ƙarfi. Yawancin wannan tsoka tana cikin sangalin hannu ne, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, daga can take jan yatsu da jijiyoyi kamar mai riƙe da linzami. Ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafi da kusan ninki 25, shi ya sa mai ban ruwa da masunci suka fi kowa shan wahala, ko da a ranar da sanyin bai kai ya kawo ba.

Duk da haka, jiki bai yi watsi da yatsu baki ɗaya ba. A shekara ta 1930 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Thomas Lewis ya nuna cewa idan aka tsoma yatsa cikin ruwan ƙanƙara, bayan minti biyar zuwa goma hanyoyin jini sukan sake buɗewa da kansu, yatsan ya yi ɗumi na ɗan lokaci, sa'an nan su sake rufewa, haka dai bi da bi. Wannan buɗewa tana cikin abubuwan da suke kare yatsa daga daskarewa, kuma ƙarfinta ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Ta fi ƙarfi a wajen mutanen da suka tashi cikin ƙanƙara, kamar Inuwit na arewacin Kanada. An kuma lura ta fi rauni a wajen mutanen da asalinsu Afirka ne. Tarihi ya riga ya nuna alamar haka: a yaƙin duniya na farko, rundunar Faransa takan janye sojojin Afirka ta Yamma daga bakin daga idan ɗari ya shigo, ta kai su sansanonin Fréjus a kudancin ƙasar, kuma a watan Afrilu na 1917, a yaƙin Chemin des Dames, ƙafafun da yawa daga cikinsu sun daskare. Wani bincike na rundunar Ingila da aka buga a 2009 ya nuna cewa sojojinta baƙar fata sun fi farare samun raunin sanyi da kusan ninki 30. Saboda haka ɗalibi ko ɗan ci-rani da ya nufi ƙasashen ƙanƙara, maganar ta shafe shi kai tsaye.

ITACEN DA YA ƘETARO TEKU

Asalin kakawo dazuzzukan Amazon ne a Amurka ta Kudu. Masu tonon tarihi sun sami alamarsa cikin tukwane a ƙasar Ekwado, waɗanda suka kai shekara 5,300. Mutanen Maya da Aztek suna dama shi su sha da ɗacinsa, suna kuma ciniki da ƴaƴansa kamar yadda aka yi da wuri a ƙasar Hausa. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya ba shi sunan Theobroma cacao, wato abincin alloli a harshen Girka. A 1879 wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong, cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu. Zuwa 1911 wannan ƙasa ta zama ta farko a duniya wajen nomansa, kafin Kodebuwa ta wuce ta a ƙarshen shekarun 1970. Ƙasashen nan biyu su ne suke noma wajen rabin kakawon duniya, kuma ƴan ci-rani daga ƙasashen Sahel sun daɗe suna ba da guminsu a gonakinsa da wajen dakon buhunansa. Kakawo da goro ƴan dangi ɗaya ne a wajen masana tsirrai, kuma akwai filabanol a cikin goro, da ganyen shayi, da inabi, da tuffa.

Abin lura shi ne, filabanol sinadari ne mai ɗaci da bauri, kuma kusan duk aikin da ake yi wa kakawo domin ya yi daɗi rage shi yake yi. Manomi yakan tara ƴaƴan ya rufe da ganyen ayaba kwana biyar zuwa bakwai su ruɓa kaɗan, sa'an nan ya shanya. A masana'anta a soya su. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Van Houten ya ƙirƙiro injin matse man kakawo a 1828, kuma da sunan ƙasarsa aka san dabarar wanke garin da wani gishiri dangin kanwa domin ya yi duhu ya rage ɗaci. Wannan wanki yana iya lalata daga kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari na filabanol. Ke nan garin shokola na gwangwani da ake damawa da madara a teburin mai shayi, yawancinsa sukari ne, abin da ya rage na filabanol a cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Dalili ke nan da ya sa kamfanoni suke tatso sinadarin dabam su zuba shi a ƙwaya.

ABIN DA AKA TABBATAR

Labarin amfanin kakawo ga jini ya samo tushe daga tsibiran San Blas na ƙasar Panama, inda ƙabilar Kuna take zaune. Wani likita na jami'ar Harvard, Norman Hollenberg, ya bayyana a 1997 cewa mutanen tsibiran nan, ko da sun tsufa, jininsu ba ya hawa kamar na sauran mutane, alhali suna cin gishiri sosai. Danginsu da suka koma birnin Panama kuwa sun rasa wannan kariya, abin da ya nuna cewa ba gado ba ne. Daga baya aka lura cewa na tsibiri suna shan kakawo kofi da yawa kowace rana. Wannan bai isa hujja ba, domin mai komawa birni ba kakawo kaɗai yake bari ba, yakan canza abinci da aiki da barci. Amma ya buɗe ƙofar bincike.

A daidai wannan lokaci masana sun riga sun gano yadda hanyar jini take buɗewa. Tun 1980 Robert Furchgott ya nuna a New York cewa siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin hanyar jini tana fitar da wani abu da yake sa tsokar bangonta ta saki. Daga baya aka gane cewa wata iska ce da ake kira nitirik oksaid, kuma a 1998 aka ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel saboda wannan aiki. A 2006 masu bincike na Amurka da Jamus suka nuna cewa wani nau'in filabanol mai suna efikatecin shi ne yake ƙara aikin wannan iska bayan mutum ya sha kakawo, har a ga babbar hanyar jinin dantse ta ƙara buɗewa cikin awa ɗaya zuwa biyu.

Bisa irin waɗannan hujjoji ne hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta amince a 2012 a rubuta a jikin kaya cewa miligiram 200 na filabanol a rana yana taimaka wa hanyoyin jini su riƙe laushinsu. Wani nazari da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2017, wanda ya tattara gwaje-gwaje fiye da 30, ya nuna cewa kakawo yana rage hawan jini da abin da bai cika maki 2 ba a ma'auni, wato ragi ne na gaske amma ƙarami. Gwaji mafi girma shi ne wanda asibitin Brigham na birnin Boston ya gudanar, aka buga sakamakonsa a 2022. Dattawa 21,442 ne suka shiga, rabi suna shan miligiram 500 a rana, rabi suna shan ƙwayar da ba komi cikinta, har tsawon shekara uku da rabi. Jimillar cututtukan zuciya ba ta ragu yadda za a kafa hujja da ita ba, ko da yake mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 27 cikin ɗari, abin da masu binciken da kansu suka ce sai an sake gwadawa. A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a ambaci amfanin garin kakawo mai yawan filabanol ga zuciya, da sharaɗin a rubuta cewa hujjar kimiyya ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ya kamata kuma a sani cewa kamfanin Mars, mai yin shokola, ya ba da kuɗi da kaya a yawancin waɗannan bincike. Wannan bai soke sakamakon ba, sai dai mai hankali yakan tambayi wanda ya biya kuɗin kiɗa.

DA AKA KAI SHI GABAN SANYI

Dukan gwaje-gwajen nan an yi su ne ga mutanen da suke zaune cikin ɗaki mai ɗumi. Maganar sanyi dabam take, kuma waɗanda suka fi damuwa da ita sojoji ne. Rundunar Amurka ba ta manta da yaƙin Koriya ba, inda a ƙarshen 1950 dubban sojojinta suka sami raunin daskarewa. Soja yana bukatar yatsunsa domin gyara makami, da ɗaure rauni, da danna na'urar sadarwa, kuma safar hannu mai kauri tana hana duk wannan. Rundunar tana da cibiyar bincike a garin Natick, kusa da Boston, mai ɗakunan da ake saukar da sanyi yadda aka ga dama. A can ne aka gwada ƙwayar kakawo.

An ɗauki samari da ƴan mata masu lafiya, aka ba su filabanol na ƴan kwanaki, a wani zagayen kuma aka ba su ƙwayar da ba komi cikinta, ba tare da sun san wacce suke sha ba. Sa'an nan aka tsoma yatsansu cikin ruwa mai tsananin sanyi, ana auna zafin fata da gudun jini, domin a ga ko buɗewar nan da Lewis ya bayyana za ta zo da wuri ko ta ƙara ƙarfi. Sakamakon da aka buga a 2024 a wata mujallar kimiyyar jiki ta Turai ya nuna cewa kakawo bai inganta ta ba. Kafin wannan, masu bincike a Ingila da Kanada sun gwada ruwan jan gwoza na Turai, wanda shi ma yake ƙara nitirik oksaid a jiki, ba su ga hannu ko ƙafa sun ƙara ɗumi yadda aka yi fata ba.

Dalilin bai da wuyar fahimta. Filabanol yana aiki ne ta hanyar ƙarfafa wani ɗan saƙo da yake fitowa daga cikin bangon hanyar jini. Tsukewar sanyi kuwa umarni ne daga ƙwaƙwalwa, wanda jijiyoyi suke isarwa da wani sinadari mai suna noradirenalin, kuma sanyin da kansa yana ƙara sa tsokar bangon ta saurari wannan umarni. Idan sarki ya ce a rufe ƙofar gari, roƙon mai unguwa ba ya buɗe ta. Bayan haka, hanyoyin jinin matashi mai lafiya sun riga suna aiki daidai, ba gyaran da ƙwaya za ta yi musu. Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci: da a ce an sami maganin da zai tilasta hanyoyin su buɗe cikin sanyi, zafin da zai kai ga yatsu daga cikin jiki za a ɗebo shi. Abin da giya take yi ke nan, tana sa mutum ya ji ɗumi a fata alhali cikinsa yana hucewa, kuma ta haka mutane da yawa suka hallaka a ƙasashen ƙanƙara.

ƊUMIN HANNU DAGA ƘIRJI YAKE FITOWA

Binciken sojoji ya kuma nuna hanyar da take aiki. A 1998, a wata cibiyar rundunar Kanada da take birnin Toronto, an zaunar da mutane cikin sanyin digiri 15 ƙasa da sifiri, hannuwansu a buɗe ba safa, amma an sa musu riga mai ɗumama ƙirji da baya da lantarki. Yatsunsu suka zauna da ɗumi na tsawon awoyi, domin da ƙwaƙwalwa ta ga jiki yana da rarar zafi sai ta janye umarninta. A 2018 masu binciken Natick suka nuna cewa ɗumama sangalin hannu kaɗai yana ƙara ƙarfin yatsu da ƙwarewarsu cikin sanyi, tun da a can tsokar take, ta can kuma jini yake bi.

Darasin da yake ciki na kowa ne, ba ya bukatar lantarki. Wanda yake son hannunsa ya yi aiki da asuba, ya fara da rufe ƙirji da wuya da kai. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin iskar da take tsakaninsu ita ce take riƙe zafi. Hannun riga ya kai wuyan hannu. Ɗan kabu-kabu ya sami rigar da iska ba ta ratsawa, da safar hannu, domin gudun babur yana ƙara wa sanyi kaifi. Mai aiki cikin ruwa ya riƙa tsame hannunsa yana goge shi ya bushe, ya sa shi a hammata na ɗan lokaci kafin ya koma. Kada a fita aiki da yunwa, domin abinci shi ne itacen wutar jiki. Kunu ko kokon gero mai zafi yana yin aikin da ake nema a wajen shokola, da kuɗi kaɗan. Taba tana tsuke hanyoyin jini, mai shanta yana taimaka wa sanyi ne a kan kansa. Hannun da ya ƙage har ya daina ji, a ɗumama shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a kanga shi a wuta, domin fatar da ba ta ji tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Kada kuma a kwana da garwashi a ɗakin da aka rufe ruf, iskar gawayi tana kisa ba wari ba ƙara.

Akwai waɗanda sanyin hannunsu alamar ciwo ne. Wanda yatsunsa suke sauya launi su koɗe, su yi zafi da tsami ko da sanyi kaɗan ne, yana iya kasancewa da cutar da likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862, wadda ta fi kama mata. Mai amosanin jini, wato sikila, sanyi yana tayar masa da ciwo, kuma ƙaramin yaron da hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura lokacin ɗari, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Haka mai ciwon sukari da ya fara rasa ji a yatsu. Waɗannan duka likita suke bukata, kuma ɓata lokaci wajen neman ƙwayar talla yana iya jawo asarar da ba ta gyaruwa.

Kakawo abinci ne mai daraja, kuma filabanol ɗinsa yana da ɗan amfani ga hanyoyin jini wanda masana suke ci gaba da aunawa. Game da aikin hannu cikin sanyi kuwa, gwajin da aka yi bai ba shi gaskiya ba. Kuɗin da za a kashe a kan kwalbar ƙwaya daga waje ya isa ya sayi rigar sanyi da hula da safar hannu a kasuwa, waɗanda za su yi wa mai su hunturu biyu ko uku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.